Bayan an sallami marar lafiya: tambayoyi da amsoshi kan alamun sakacin asibiti ga mutanen Tahoua

Da yawa daga cikin matsalolin da jinya ke haifarwa ba sa bayyana a kan gadon asibiti, sai bayan marar lafiya ya koma gida, inda babu ma'aunin zafin jiki a kusa, kuma babu ma'aikacin jinya da zai leƙo da dare. A lokacin nan idon mai jinya shi ne ya rage, wato uwa ko miji ko ƙanwa ko ɗan da ke kwana kusa da shi. Saboda su aka rubuta waɗannan amsoshi, musamman waɗanda suka dawo daga babban asibitin jiha na Tahoua ko asibitin uwa da yaro, ko daga Galmi, Ƙonni da Madawa, ko kuma waɗanda aka tura Yamai suka komo.

Shin duk lokacin da jiki ya rikice bayan sallama, sakaci aka yi?

A'a, kuma wajibi ne a fahimci wannan tun farko don kada a ɗora wa wani laifin da bai yi ba. Akwai matsalar da ke iya biyo bayan aiki ko da an yi shi yadda ya kamata, akwai kuma wadda ta samo asali daga abin da ya kamata a yi ba a yi ba, ko abin da bai kamata a yi ba aka yi. Ta biyun ita ce sakaci. Abin da ke wuyan likita shi ne ya yi amfani da saninsa da kayan aikin da ke hannunsa cikin kula da natsuwa, bai ɗauki alkawarin warkarwa ba.

Misali zai fayyace bambancin. Wanda aka yi wa allurar artesunate saboda zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana iya fuskantar ƙarancin jini mako ɗaya zuwa uku bayan ya warke, idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu. Wannan sanannen abu ne game da maganin, kuma maganin ne ya ceci ransa, saboda haka ba laifin wanda ya yi allurar ba ne. Haka ma ciwon kan da ke kama wasu mata bayan allurar baya ta tiyatar haihuwa, wanda ke tsananta idan an zauna ya lafa idan an kwanta. Amma idan marar lafiya ya koma da waɗannan alamu aka kore shi ba tare da an duba shi ba, ko aka rubuta masa maganin da ya riga ya faɗa cewa jikinsa ba ya karɓa, to magana ta sake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 10 na cutuwa a yayin da ake yi masa magani, kuma kusan rabin wannan cutuwa ana iya kauce mata. Ke nan abin ba baƙo ba ne a kowace ƙasa, kuma tambaya a kansa ba rashin kunya ba ce.

Idan na ga alamar da ta tayar mini da hankali, me zan fara yi?

A mayar da marar lafiya asibiti nan take. Neman wanda ya yi laifi yana iya jira, amma jinin da ke zuba da numfashin da ke sarƙewa ba sa jira. Wanda ke ƙauye ya fara da cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa, majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na cibiyar, zai duba shi ya rubuta takardar turawa idan abin ya fi ƙarfinsa. A tafi da duk takardu da kwalayen magunguna, har waɗanda aka shanye. Ko da zuciya ta ɓaci da asibitin farko, kada fushi ya sa a zauna a gida ko a koma ga mai sayar da magani a tire.

An yi wa mahaifina tiyata. Yaya zan bambanta ciwon ɗinki na al'ada da wanda ya ɓaci?

Ciwon da ke warkewa zafinsa raguwa yake yi kullum. A kwanakin farko bakin ɗinkin yana iya yin ɗan ja da ɗan kumburi, har ɗan ruwa garai-garai ya taɓa bandeji, kuma wannan ba abin tsoro ba ne. Abin da ake tsoro shi ne zafin da ya fara sauka sannan ya dawo da ƙarfi, galibi daga kwana na uku zuwa mako biyu, tare da jan da ke yaɗuwa daga bakin ciwon, da tauri da ɗumi idan an ɗora bayan hannu a gefensa, da mugunya mai kauri ko mai wari, ko ɗinkin da ya fara buɗewa. Idan zafin jiki ya kai 38 ko ya wuce, ko marar lafiya yana rawar ɗari, kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne kawai a sayi magani a sha; a nan ne mutanenmu suka fi yin asarar kwanaki masu tsada. A bari a yi gwajin jini, a kuma buɗe ciwon a gani.

Dabara ɗaya mai sauƙi ita ce a zagaye iyakar jan da biro a kan fata da safe, a sake dubawa da yamma. Idan jan ya tsallake layin, ƙwayoyin cuta suna ci gaba da yaɗuwa.

Masana suna lissafa ciwon da ya ɓaci cikin kwana 30 bayan tiyata a matsayin wanda ke da alaƙa da aikin, kuma idan an sa ƙarfe a ƙashi wa'adin ya fi haka tsawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2016 cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kusan kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata suna kamuwa da irin wannan. Ɓacin ciwo shi kaɗai bai tabbatar da sakaci ba, domin ciwon sukari da rashin abinci mai gina jiki da ƙurar gida duk suna da hannu. Abin da ke sa a yi tambaya shi ne idan an sallami mutum da zazzaɓi a jikinsa, ko ba a gaya masa ranar wankin ciwo da ranar cire zare ba.

Bayan tiyatar ciki kuwa akwai alamun da ba a kwana da su: cikin da ya kumbura ya yi tauri, amai mai kore ko wanda ya ƙi tsayawa, rashin fitar iska da bayan gida, da fitsarin da ya ragu ƙwarai. Haka nan kumburin sha-raɓar ƙafa ɗaya mai zafi, domin yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, kuma idan ya ɓalle ya tafi huhu sai a ga haki da ciwon ƙirji farat ɗaya.

Da gaske ana iya manta wani abu a cikin mutum?

Ana iya yi, ko da yake ba kasafai ba, kuma wannan yana cikin kurakuran da ba su da uzuri. Abin da aka fi mantawa shi ne ƙyallen da ake tsane jini da shi. Shi ya sa jerin matakan kariya na tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ya tanadi a ƙirga ƙyallaye da allurai da kayan aiki kafin marar lafiya ya bar ɗakin tiyata. Alamunsa na iya ɗaukar makonni ko watanni kafin su fito: ciwon ciki a wuri ɗaya da ya ƙi tafiya, ƙullutu da ake ji da hannu, zazzaɓi mai zuwa yana komawa, rama, ko wani ɗan rami a jikin ɗinkin da ke ta fitar da mugunya duk da an sha magani iri-iri. Mai irin wannan ya nemi a yi masa hoton ciki, ya kuma gaya wa mai ɗaukar hoton ranar da aka yi tiyatar da irinta.

Matata ta haihu an sallame ta. Waɗanne alamu ne na haɗari ga mai jego?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a wannan shafi, domin yawancin mace-macen da ke da alaƙa da haihuwa suna aukuwa ne bayan an sauka, lokacin da hankalin gida ya koma kan jariri da shirin suna. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mace ta zauna a asibiti aƙalla awa 24 bayan haihuwa lafiya, a sake duba ta tsakanin awa 48 da 72, sannan tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida.

Jinin biƙi yana farawa ja, ya koma ruwan ƙasa, ya yi ta raguwa. Idan ya dawo ja da yawa, yana jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya, ko yana fita da manyan gudaje, ko yana wari tare da zazzaɓi da ciwon mara, to ana zargin wani yanki na mabiyiya ya saura a mahaifa ko ƙwayoyin cuta sun shiga. Duba mabiyiya don a tabbatar ta fita cikakkiya aikin ungozoma ne a ɗakin haihuwa, saboda haka tambaya a kan wannan tana bisa hanya.

Abu na biyu shi ne hawan jini. Mutane da yawa suna zaton haɗarin jijjiga ya wuce da zarar an haihu, alhali yana iya zuwa bayan kwanaki, har zuwa mako shida. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko ganin walƙiya, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da kumburin fuska da hannuwa, duk gargaɗi ne. Macen da jininta ya hau a lokacin goyon ciki ko naƙuda, aka sallame ta ba magani, ba ranar dawowa awo, an tauye mata haƙƙi. A nan dole a faɗi wata gaskiya game da gida ma: kunun kanwa da yawa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi suna ƙara wa zuciya nauyi, kuma likitoci sun daɗe da danganta su da ciwon zuciyar masu jego a ƙasar Hausa. Mai jegon da ke haki idan ta kwanta, ƙafafunta sun kumbura, a dakatar da kanwa a kai ta asibiti.

Na uku shi ne yoyon fitsari. Idan mace ta ga fitsari yana zubo mata ba tare da saninta ba bayan haihuwa, sau da yawa doguwar naƙuda ce ta jawo shi tun kafin a isa asibiti, amma yana iya faruwa kuma idan an ji wa mafitsara ko bututun fitsari rauni a lokacin tiyata. Gwaji ne ke bambanta su. Ko wanne ne, ana gyara shi. Akwai cibiyar ƙasa ta masu yoyon fitsari a Yamai, akwai kuma ta Danja kusa da Maraɗi. Kada kunya ta sa a ɓoye mace a ɗaki, domin zuwa da wuri yana sauƙaƙa gyaran.

Jariri fa?

Jaririn da ya ƙi kama nono, ko yake numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko yake jijjiga, ko cibiyarsa ta yi ja tana mugunya, a kai shi a ranar. Shawarar jarirai, wato rawayar fata da ido, wadda ta fito a rana ta farko, ko wadda ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma shanya jariri a hantsi ba ya maganinta. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a cibiyoyin gwamnati, ko da yake iyaye sun san sau da yawa sai an sayi magani a waje. Duk da haka, kada tunanin kuɗi ya hana a kai shi a duba.

An yi wa yarona allura a ɗuwawu, yanzu yana jan ƙafa. Mene ne wannan?

Wata babbar jijiya tana bi ta ɗuwawu ta sauka har tafin ƙafa. Idan allura ta same ta, yaro yakan ƙwalla ƙara ta daban a lokacin, daga baya a ga ƙafar tana laɓewa, yatsun suna jan ƙasa, takalmi yana suɓucewa, ko ya ƙi taka ta sam. An san wannan matsala sosai a Afirka ta Yamma tun zamanin da ake yawan yi wa yara allurar kinin a ɗuwawu, shi ya sa ake koya wa ma'aikata su yi wa ƙananan yara allura a gefen cinya. A kai yaron da wuri don a fara gashi da motsa ƙafar, kuma a sanar da ma'aikatan lafiya, domin duk shanyewar ƙafa ta farat ɗaya ga yaro ɗan ƙasa da shekara 15 sai an bincika ko shan inna ce. A rubuta ranar allurar, da sunan maganin, da wurin da aka yi ta.

Wanda aka ɗaure wa karaya da filasta shi ma a lura da yatsunsa. Idan sun kumbura, sun yi sanyi ko sun canza launi, ko zafi yana ƙaruwa har magani ba ya kwantar da shi, musamman idan an miƙe yatsun, to ɗaurin ya matse jini. Sa'o'i kaɗan ne tsakanin wannan da rasa hannun, saboda haka ko tsakar dare ne a tafi a buɗe shi.

Ta yaya zan gane an yi kuskure a magani?

A fara da kwatanta abin da ke kan takardar likita da abin da aka karɓo a farmasi, suna da ƙarfi da yawan sha. Maganin yara da nauyinsu ake auna shi, don haka idan ba a ɗora yaro a sikeli ba, a tambaya. A kula da magani ɗaya mai suna biyu: Doliprane da Efferalgan duk farasitamol ne, kuma haɗa su yana iya wuce gram 4 da aka iyakance wa babba a yini, ya lahanta hanta. Kumburin leɓe ko fuska da sarƙewar numfashi bayan shan magani na gaggawa ne. Haka ma ƙuraje da zazzaɓi da gyambon baki da jan ido, fata tana saɓulewa kamar ƙuna, wanda kan biyo bayan magunguna irin su kotirimoksazol da wasu magungunan farfaɗiya cikin makonnin farko. A daina shan maganin a tafi asibiti da kwalinsa. Wanda aka yi wa allurar jantamisin kwanaki da yawa ya fara jin ƙara a kunne, ko jinsa ya ragu, ko yana tangaɗi, shi ma ya koma.

Waɗanne takardu ya kamata in riƙe?

Karnen asibiti, wato ɗan littafin da ake rubuta bayanin jinya a ciki, takardar sallama, takardun magani, sakamakon gwaje-gwaje, hotuna, da rasiɗan biyan kuɗi. A ɗauki hoton kowace da waya, domin takarda tana ɓata ko ta jiƙe. Wanda aka yi wa tiyata ya nemi rahoton aikin a rubuce, musamman idan daga Yamai zai dawo, tafiyar fiye da kilomita 500, inda likitan Tahoua ba shi da wata hanyar sanin abin da aka yi sai ta takarda. Mai jinya ya samu ɗan littafi yana rubuta rana da lokacin da kowace alama ta fara, da boko ko da ajami, yana kuma ɗaukar hoton ciwon kullum a cikin haske. Bayan wata biyu ba wanda zai tuna ko ranar Talata zazzaɓin ya fara ko Alhamis, kuma a wajen bincike wannan bambancin yana da nauyi.

Yaya zan yi wa likita tambaya ba tare da an ga na zarge shi ba?

A nemi ganinsa a natse, mutum ɗaya ko biyu daga dangi, ba taron jama'a ba. Bayan gaisuwa ana iya cewa: "Likita, don Allah muna son ka fahimtar da mu. Baba ya fita ranar Litinin, ranar Laraba zazzaɓi ya kama shi, ga ciwon yana ruwa. Me kake ganin ya jawo haka, kuma me za a yi yanzu?" Ma'aikatanmu suna aiki cikin ƙarancin hannu da kayan aiki, kuma mafi yawansu suna amsa irin wannan tambaya da gaskiya. Ku ma ku faɗi taku gaskiyar: idan an sha sassaƙe ko jiƙo, ko an je wajen mai ɗori, ko an tsallake magani saboda kuɗi sun yanke, a faɗa, domin ɓoyewa marar lafiya take cutarwa.

Abin da ya kamata ya ƙara sa ku lura shi ne idan bayani yana canzawa daga baki zuwa baki, ko aka hana ku takardu ba dalili, ko aka yi aiki na biyu ba a gaya muku abin da aka tarar ba. Neman ra'ayin wani likita a wani asibiti haƙƙinku ne.

Idan na tabbata an yi sakaci, ina zan kai kuka?

Mataki na farko shi ne shugaban sashen, sannan daraktan asibitin, da wasiƙa mai kwanan wata wadda za ku riƙe kwafinta. Idan cibiyar CSI ce, babban likitan gunduma shi ne ke sama da ita, sama da shi kuma akwai hukumar lafiya ta jiha a Tahoua. Akwai majalisar likitoci ta ƙasa, wato Ordre des médecins, wadda ke sa ido kan ɗa'ar aikin likita kuma tana iya ladabtar da mambobinta. Wanda ke son zuwa shari'a yana iya kai ƙara wajen ƴan sanda ko jandarma ko mai gabatar da ƙara na gwamnati, tunda dokar hukunta laifuka ta tanadi hukunci kan kisa ko rauni da aka yi ba da niyya ba ta hanyar sakaci. Neman diyya kuwa hanyarsa ta bambanta tsakanin asibitin gwamnati da na kuɗi, don haka a nemi lauya tun da wuri.

A kotu abubuwa uku ake nema: cewa an yi kuskure, cewa an cutu, da cewa kuskuren ne ya jawo cutuwar. Na ukun ya fi wuyar tabbatarwa, kuma alƙali yakan naɗa wani likita masani ya bincika takardu. Yaɗa sunan ma'aikaci a Facebook ko WhatsApp kafin bincike yana iya juyewa ya zama ƙarar ɓata suna a kanku, zagi ko dukan ma'aikaci kuma laifi ne da ke rushe ƙarar mai gaskiya.

Dangi suna cewa ƙaddara ce, a bar wa Allah. Shin bincike ya saɓa wa tawakkali?

Imani da ƙaddara bai hana tambaya ba. Malaman fiƙihu sun yi bayani a kan lamunin mai magani tun da daɗewa, bisa hadisin da ke cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, shi ke da alhakin abin da ya faru; sun kuma bambanta ƙwararren da ya yi iyakar ƙoƙarinsa da wanda ya yi ganganci. Iyali suna da ikon yafewa, kuma yafiya alheri ce, amma ana iya yafe wa mutum a kuma sanar da shugabannin asibiti abin da ya faru, domin matar da za ta hau gadon nan gobe ba ta da mai kare ta sai wannan sanarwa.

Idan abin ya kai ga rasuwa kuma iyali suna da shakka mai ƙarfi, shawarar tana da wa'adi, tunda muna gaggauta jana'iza. Binciken gawa, idan ana son sa, kafin binnewa ake neman sa ta hannun hukuma, kuma abu ne da manyan gida za su yanke cikin sa'o'i kaɗan. Ko an zaɓi haka ko ba a zaɓa ba, a karɓi takardar shaidar rasuwa, a nemi likita ya faɗi sanadin a fili, a kuma tattara karne da sauran takardu a hannun mutum ɗaya kafin zaman makoki ya watse.